Shekarun Da Malam Ya Daina Duban Bintu

Duk wanda yake cin kasuwar Tsanyawa ya san daddawar gidan Malam Uwaisu. Daddawar aka sani, mai yin ta kuwa kaɗan ne suka taɓa ganin fuskarta, don Bintu ba mai fita ba ce. Tana daga cikin gida za ta dafa kalwarta, ta surfe, ta wanke, ta rufe har ta nuna, ta kirɓa ta shanya. Ranar kasuwa maƙwabciyarta Hure ta ɗauka ta kai. In an yaba, Hure ta kawo mata labari. In an kushe, Hure ta tsaya can ta rama mata.

A wajen Bagwai aka haifi Bintu. Kakanta Babarbare ne, bafataken kanwa, ya zo wucewa ƙasar ta yi masa, ya sauke kaya bai ƙara ɗauka ba. Lokacin da Bintu ta tashi ba abin da ya rage wa gidansu na Barno sai sunaye da turaren wuta da doguwar gaisuwa. Abu biyu uwarta ta ɗora ta a kai da gaske, daddawa da durƙuso. A gidansu mace ba ta miƙa wa babba ko da ruwa ne a tsaye. Da wannan tarbiyya aka kawo ta gidan Malam Uwaisu, yau shekara arba'in da 'yan kai.

Malam mutum ne mai makarantar allo a zaure da gona a bayan gida, gero da dawa, da wake a tsakani. Magana kuwa sai ka ce sayenta yake yi. Wuni guda in ya yi wa Bintu kalma goma, to ranar an sha hira. Sai dai yana da wani abu guda. Kullum da safe in ta durƙusa ta ajiye masa kunu ta ce, “Malam, an tashi lafiya?” sai ya sunkuyo da ido ya dube ta, ɗan kallo gajere, gefen bakinsa ya motsa. A cikin wannan kallon Bintu take karanta komai. A nan take sanin ko tuwon jiya ya yi, ko gona tana damunsa, ko wani ya ɓata masa rai a masallaci. 'Ya'ya shida suka haifa, suka binne biyu, suka aurar da sauran, duk a kan wannan kallon na safe.

Sai ga shekarar nan da aka canja kuɗi, kafin mutane su farfaɗo man fetur ya tashi sama ya ƙi saukowa. Takin zamani ya gagari talaka. Gonar da ta saba cika rumbu ta koma ba da abin da ba zai kai bazara ba. Gidaje da yawa suka koma kwaɗon rama da zogale, hayaƙin murhu sau ɗaya a rana. A wannan shekara Khalilu, autansu, magidanci mai mata da ɗa guda, ya ce zai tafi Fatakwal neman abin yi. Malam kuwa shi yake wa tanadin gadon makarantar zaure. Ya ce a'a, sau ɗaya, bai ƙara ba, don shi ba ya maimaita magana.

Bintu ta dubi jikanta ta ga wuyansa ya yi siriri. Ta ba Hure akuyarta a ɓoye aka kai kasuwa, ta damƙa wa Khalilu abin da aka samu, ta sa masa albarka. Ranar wata kasuwa ya bi ayarin masu zuwa Tsanyawa, daga can ya hau mota. Shekara arba'in ba ta taɓa ƙetare maganar Malam ba sai ranar.

Ba a yi sati uku ba ta lura. Ta durƙusa da kunu kamar kullum, ta gaishe shi, ya amsa, amma idonsa yana can saman kanta, yana kallon katanga. Washegari haka, jibi ma haka. Gaskiyar magana abin ya fara tun kafin tafiyar Khalilu, kaɗan-kaɗan, sai dai da can ba ta da wani laifi da za ta jingina shi da shi, don haka ba ta gani ba. Yanzu kuwa da laifi a hannunta, ta ɗauki wannan ta ɗaura da wancan, ta ƙulle tamau. Malam ya sani, Malam ya yi fushi, Malam ya ɗauke idonsa daga kanta.

Abinci ma ya daina dubawa. In ta ajiye kwano a gabansa sai ya sa hannu yana lalube, kansa a miƙe, miya na zuba a gaban rigarsa. Ranar da ta samu 'yar tsokar nama ta ɗora masa a kan tuwo, sai ta tarar da ita a cikin kwanon yadda ta sa ta. A shekarar da nama ya zama labari! Ta ɗauki kwanon ta shiga madafa ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar uwarta.

Da abin ya ishe ta, wata safiya bayan ta ajiye kunu ba ta tashi ba.

“Malam,” in ji ta, “tafiyar yaron nan, ni ce. Akuyata na sayar. Na yi maka laifi, ka yafe mini don Allah.”

Harshensa ya fara nauyi a lokacin, maganarsa tana fitowa kamar mai tuwo a baki.

“Ba komai,” in ji shi.

Ta ɗago a hankali ta saci kallonsa. Fuskar nan ba ta motsa ba, ido a buɗe tar, ko ƙiftawa babu, yana can kan katanga. Ta ce a ranta, in da ba komai, me katanga ta yi da ta fi ni? Ta tashi ta koma madafa. Daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba, don mace irin Bintu ba za ta tsare miji ta ce don me ba ka kallona ba. Ko a mafarki bakinta ba zai iya ba.

Sai kuma faɗuwa ta shigo. Yana noma ya tafi ta baya ya faɗi rigingine a cikin kunya. Yana alwala ya faɗi. A sahun sallar Juma'a ya tafi da mutum biyu na bayansa. Tafiyarsa ta koma ta sanɗa, wuyansa ya ƙage, jikinsa ya yi tauri. Nan gari ya ɗauka, kowa da tasa. Wani ya ce hawan jini, wani ya ce shanyewar jiki ce take sallama, wata tsohuwa ta rantse an yi masa ajiya a gona. Wasu kuma, Allah ya shirye su, suka ce Malam ya koyi girman kai, don yanzu in ka tsuguna ka gaishe shi sai ya bi ta saman hularka da kallo kamar ba mutum a wurin. Da Hure ta kawo wannan labari sai kan Bintu ya ƙara ɗaurewa. To ita ce ta yi laifi, me mutanen gari suka yi? Ko fushin ne ya yi yawa har ya malala waje?

Mijin Hure, Nababa, aminin Malam ne tun suna yara. Wanzami ne da ya ajiye aska shekara biyar da suka wuce saboda ciwon karkarwa, wanda likitoci ke kira Fakinsan. Yana da wata ƙwaya da yake sha, in ta kama shi sai hannun ya lafa, ƙafa ta saki, har ya zaga gari yana tsokanar mutane. Shi ya zo ya zauna ya ƙare wa Malam kallo irin na wanda ya san kan abu.

“Uwaisu, ciwona ne ya kama ka,” in ji shi. “Dubi tafiyarka, dubi fuskarka. Komai sai ka kwaikwaye ni, tun muna yara haka kake.”

Ya zaro ƙwayarsa ya raba biyu ya ba shi rabi, don a wurinsu abin da ya yi wa amini magani ba a yi masa rowarsa. Daga baya aka kai Malam wani ƙaramin asibiti, ma'aikacin da ke wurin ya dube shi ya ce alamun sun yi kama da na Nababa, ya rubuta masa irin ƙwayar. Sai aka koma tsofaffi biyu a kan benci ɗaya a ƙofar gida, su haɗiyi magani ɗaya da ruwan buta ɗaya. Bayan ɗan lokaci Nababa ya miƙe yana karkaɗe riga, Malam yana nan zaune kamar an dasa shi. Aka ƙara yawan ƙwayar, sai jiri da tashin zuciya. Nababa da kansa ya rikice.

“Ni dai ban gane ba,” in ji shi. “Ni hannuna ke rawa, shi nasa ba ya rawa. Ni gaba nake tafiya in zan faɗi, shi baya. Anya kana haɗiyewa kuwa, Uwaisu?”

Bintu tana jin su daga bayan danga. Ita a ganinta ta san dalili. Ciwon da baƙin ciki ya kawo, ina ƙwaya za ta same shi? Ita ta kwantar da mijinta da hannunta. Haka ta zauna da wannan magana a ciki shekara biyu cur, ba ta faɗa wa kowa ba, ko Hure.

Sakinatu ce ta fasa zaman. Ita ce 'yarsu ta uku, tana aure a Kano, ta yi makaranta har sakandare, kuma bakinta ba irin na uwarta ba ne. Ta zo yawon salla ta ga ubanta, ta ajiye jaka ta ce ba za ta koma ba sai da shi.

“Inna, shekara biyu ana ba Baba maganin wani? Ku kuna zaune kuna kallo?”

“Likita ne ya rubuta,” in ji Bintu.

“To akwai likitan da ya fi shi. Ki haɗa kaya.”

Suka wuni a tashar Tsanyawa kafin bas ta cika, don a shekarun nan ba mai tafiya sai dole. Bintu rabonta da Kano tun bikin Sakinatu. A babban asibiti aka ce su yanki kati, aka ce ba nan ba can, can aka ce su dawo Talata, Talata aka ce likitar ƙwaƙwalwa sai Alhamis. Ita dai Bintu tana riƙe da gefen rigar Malam ta baya kada ya tafi, duk inda Sakinatu ta nufa ta bi.

Likitar mace ce, siririya mai tabarau, ba ta fi sa'ar Sakinatu ba. Ta sa Malam ya yi tafiya, ta lanƙwasa hannunsa, ta taɓa wuyansa. Sai ta ɗaga yatsa a gaban fuskarsa ta ce, “Baba, bi yatsana da ido.” Ta kai dama, ido ya bi. Ta kai hagu, ya bi. Ta yi ƙasa da shi, ido ya tsaya cak. Ta sake, ya sake tsayawa. Bintu ta ji kunya ta rufe ta, ta ce a ranta, yau kuma har likita fushin ya shafa. Likita ta yi rubutu ta ce tana zargin wani abu, amma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa kafin ta yanke magana.

Ranar hoton aka tuɓe wa Malam hula da zoben azurfa, aka zazzage aljihunsa, mabuɗi da allurar ɗinkin littafi, aka ce ƙarfe ko ƙanƙane ba ya shiga. Aka kwantar da shi a kan wani siririn gado, gadon ya ja shi da kansa cikin wani farin rami. Bintu ta hango ta gilashi ta ga tafin ƙafafunsa kawai, ta kama salati. Na'urar ta ɗauki ƙara kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. Ta rungume hular a ƙirji tana tunanin abu ɗaya. In har injin nan yana ganin cikin kan mutum, to zai ga abin da ta yi, kuma yarinyar nan mai tabarau za ta karanta a gaban Sakinatu.

Bayan sati suka koma. Likita ta juyo musu da kwamfuta, ga hotuna biyu a jere, toka-toka da baƙi.

“Wannan na mai ciwon karkarwa ne, irin na maƙwabcinku,” in ji ta. “Wannan kuma na Baba. Inna, kin ga nan?”

Bintu ta matso ta zura ido. Ta dubi na dama ta dubi na hagu. Ita dai ba ta ga komai ba sai abu kamar an tsaga kabewa.

“Na gani,” in ji ta, don kada a ce ta cika ƙauyanci.

Likita ta yi murmushi, ta sa bakin biro a wani ɗan wuri can ƙasa, inda kai ke haɗuwa da wuya. Ta ce a wancan hoton wurin a cike yake, a na Baba kuwa ya motse, ya rame. Ta ce cututtukan biyu suna farawa da kama ɗaya, taurin jiki da nauyin tafiya da fuskar da ba ta motsi, har ma'aikatan asibiti kan ɗauki wannan a matsayin wancan. Sai tafiya ta yi tafiya suke rabuwa, hoton kuma yana taimakawa a raba su. Ta faɗi sunan na Malam da Turanci, suna mai tsawo da ko Sakinatu ba ta iya maimaita shi ba. Uwa da 'ya suka dubi juna. Malam ne, da yake zaune a gefe kamar ba ya ji, ya buɗe baki da ƙyar.

“Gero,” in ji shi, “da maiwa.”

“Haka ne, Baba,” in ji likita. “Suna tsiro ba ka raba su.”

Sai ta sassauta murya. Ta ce ba za ta ɓoye musu ba, wannan ciwon ba shi da maganin warkewa, ƙwayar Nababa ma ba ta cika yi masa aiki ba. Faɗuwa za ta ƙaru, magana za ta ƙara nauyi, wata rana haɗiya ma za ta yi wuya, sai an riƙa dama masa abinci da kauri-kauri ana ba shi a hankali. Sakinatu ta sa gefen hijabi ta rufe fuska. Malam ya ce, “Allah ya sa kaffara ne.”

“Kuma wannan wurin da ya motse,” in ji likita, “shi ke juya ido sama da ƙasa. Shi ya sa Baba ba ya iya duban ƙasa. Wuyan ma ya ƙage, ba zai sunkuya ba. Duk abin da ke ƙasa da haɓarsa, kwano ne ko mutum, ba ya ganinsa sosai.”

Bintu ta ji kamar an kira sunanta daga nesa.

“Likita,” in ji ta, “ko yana so?”

“Ko yana so, Inna.”

“Ba fushi ba ne?”

Likita ta cire tabarau ta dube ta. “Fushi kuma? Da wa?”

“Ɓacin rai ba ya kawo shi? In wani ya ɓata masa rai, a ce a gida?”

“Ko kusa. Ba wanda ya jawo shi. Ya fara tun kafin ku lura.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Bintu, da ƙarfi, har da ɗaga hannu.

Sakinatu ta sauke hijabi ta zuba wa uwarta ido, likita ma haka. An ce mijinki ba zai warke ba, kina hamdala fuska a sake? Bintu da kanta ta ji abin da ta yi, kunya ta kama ta, sai ga hawaye. Ta rasa na mene ne. Daɗi take ji, daɗin da rabonta da shi shekara biyu, kuma tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, su biyun a ƙirji ɗaya, ta kasa raba su.

Da za su fita likita ta ce a daina ajiye masa abinci a ƙasa, a samu tebur a ɗaga shi. Mai magana da shi kuma ya daina tsugunawa, ya zauna a kujera daidai fuskarsa.

“Ni in zauna daidai da Malam?” in ji Bintu.

“In kina so ya gan ki.”

Sun dawo gida ranar Lahadi. Tebur bai yi wuya ba, Nababa ya aiko da wanda yake ɗora kayan aski a da, yana ta mitar an raba shi da abokin ciwo. Kujerar ce ta gagara. Litinin Bintu ta kawo kunu, kafin ta tuna gwiwoyinta sun kai ƙasa. Ranar Talata ta tuna sarai, ta tsaya ta yi ta juya kwano a hannu, ta ji kamar uwarta na tsaye a bakin ƙofa tana kallonta, ta durƙusa. Ranar Laraba ta ce wa kanta ai likitar nan yarinya ce 'yar birni, me ta sani game da zaman aure.

Ranar Alhamis da hantsi, gidan ba kowa, ta leƙa zaure ta ɗauko farar kujerar roba da ake ajiye wa baƙi. Ta goge ta da gefen zane duk da ba ta yi datti ba. Ta ajiye ta a gaban Malam, ta ɗora kunu a tebur, ta zauna a ɗofane a bakin kujerar kamar mai jiran a kore ta. Gwiwarta ta kusa taɓa tasa. Kanta yana ƙasa, sai da ta yi da gaske ta ɗago shi.

Idonsa yana kanta. Fuskar ba ta motsa ba, ba ta iyawa, amma kallon shi ne, ta san shi. Ya daɗe yana dubanta, goshi da kumatu da wuya, kamar mai bitar shafin da ya kwana biyu bai buɗe ba.

“Malam,” in ji ta, “an tashi lafiya?”

Bakinsa ya yi ta kokawa da maganar kafin ta fito.

“Bintu,” in ji shi, “kin rame.”

Ta so ta ce shekarun ne, kowa ma ya rame. Ta fasa. Ta jawo kujerar ta gyara zama sosai, ta ɗebo kunu a ludayi ta hura, ta ɗaga shi daidai inda zai gani.